Farar Rigar Da Ta Kayar Da Tokuji Mai Aski

A garinmu na Shiomizu, wanda teku ta matse ta gaba, dutse ya matse ta baya, in kana son aski sai ka nufi shagon Tokuji. In labari kake so, can ɗin dai za ka. Bambancin kawai shi ne, askin ba ƙarya a cikinsa.

Tokuji ya ba hamsin baya. Yana da tumbi ɗan daidai wanda yake kira rumbun ƙarfi, da baki wanda ba ya hutawa ko da aska na kan maƙogwaronka. A bakin nan nasa ya taɓa kama kifin da sai da aka ƙara wa jirgi tsawo kafin ya shiga. Ba mai ƙaryata shi. Wa zai yi musu da mutumin da ke riƙe da aska?

Wata shekara sai ga shi da keken tsere, siriri kamar sauro, tayoyinsa kamar taliya. Ya fitar da kujerar masu jiran layi, ya girke keken a wurin. Masu zuwa aski suka koma jira a tsaye, keke na hutawa.

Kowace kaka, in lemo ya nuna a gonakin gindin dutse, mutanen kwarinmu sukan yi tseren keke. A tashi daga bakin tashar jiragen masunta, a bi kwalta ta cikin ƙauyuka, sannan a bar kwalta a kama tsohuwar hanyar masu ziyarar ibada, mai duwatsu da saiwoyi, har ƙofar haikalin da ke ƙololuwa. Abin da ake ci bai taka kara ya karya ba: tawul, da ɗan buhun shinkafa, da ikon cika baki har baɗi. Wannan na ƙarshen shi ya hana Tokuji sukuni.

Rannan yana yi wa surukinsa Rokuro mai awara aski, wato yayan matarsa Fusae, sai Rokuro ya yi magana ta cikin kumfa.

"Suruki, an ce bana kai ma za ka shiga tsere?"

"Shiga ai ta irinku ce. Ni ci zan je yi."

"Da wannan cikin?"

"Daina motsi, ga aska. Matsalarku ke nan, kuna zaton ƙafa ke hawa dutse. Nan ke hawa dutse." Ya ƙwanƙwasa goshinsa da ƙotar aska. "Nauyi shi ne abokin gaba. Wanda ya fi kowa rashin nauyi, shi zai fara taɓa ƙofa."

"To ai da sauƙi. Ka bar tumbin a gida, ƙanwata ta riƙe maka."

Masu jiran layi suka tuntsire. Fusae, wadda ke sharar gashi a gefe, ta jingine tsintsiya.

"Maigida, tun da abin nan ya shigo, mutane a tsaye suke jira, ni kuma da ƙafa nake zuwa kasuwa. Mu yi magana ɗaya a gaban shaidu. In Yaya ya riga ka isa ƙofar haikali, keke ya zama nawa. In ɗaura masa kwando in riƙa sayo kifi."

"Kwando!" Tokuji ya dafe ƙirji. "A jikin wannan? Kin taɓa ganin an ɗora wa barewa buhun gawayi?"

"Ban taɓa ba. Ina so in gani."

"In kuma na riga shi?"

"Ka shigar da shi ɗaki ku kwana tare, ni in dawo shago in shimfiɗa tabarma."

"Kun ji ko? Kowa ya ji!" in ji Tokuji, yana nuna jama'a da aska ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya gyaɗa kai da sauri.

Daga ranar aka shiga yaƙi da nauyi. Ya cire ƙararrawa. Ya cire famfo da mariƙin gorar ruwa. Ya kankare fenti har keken ya yi furu-furu kamar mai ƙyasfi. Ya aro abin huda ƙarfe ya bi ƙarfen da ke riƙe da sirdi ya yi masa huda-huda kamar sarewa. Birki kaɗai ya tsira, shi ma don masu shirya tseren sun ce ba birki, ba tsere. Da ya gama da keke sai ya juyo kan kansa. Ya aske kai ƙwal. Ya aske ƙafafu da hannuwa. Ya tsaya gaban madubi ya yi nazari, sannan ya kwashe girarsa duka biyu.

Saura tufafi. Ya kai rigar tseren da ya saya da tsada wurin mai kifi, aka ɗora a sikeli, ya ga allura ta motsa, ya yi tsaki. Aljihuna ne suka yi mata yawa. Ya dawo gida ya birkice akwatuna, har ya kai ga na can ƙasa, inda kayan marigayi surukinsa suke, mahaifin Fusae da Rokuro.

A nan ya ga farar rigar.

Tsohon ya sa ta ne shekarar da matarsa ta rasu, ya ɗauki sanda ya zaga haikalan tsibirinmu na Shikoku a ƙafa, ya dawo a rame, maganarsa ta ragu. Ruwa da rana sun cinye rigar har ta koma kamar ɓawon albasa. In ka ɗaga ta a bakin taga, kana iya ganin teku ta cikinta. A bayanta da baƙar tawada akwai abin da ake rubutawa a rigar kowane mai ziyara: "Mu biyu muke tafe," wato mai ziyara da waliyyin da aka yi imani yana raka shi ba a ganinsa. Ƙarƙashinta kuma ga malfar tsohon, mai tsini a sama.

Tokuji ya auna rigar a tafin hannu, bai ji komai ba. Ya juya malfar ya dubi tsininta.

"Fusae! Zo ki ga abin da mutanen da suka sani muka manta. Riga ba nauyi, hula mai tsaga iska!"

Fusae ta zo ta tsaya. Ta kama gefen rigar da yatsu biyu, ta shafa ta. Sannan ta saki.

"Ka san abin da rigar nan ke jawowa a hanyar dutse?"

"Nasara take jawowa."

"To," in ji Fusae.

Duk wanda ya tashi a tsibirin Shikoku ya san mai farar riga ba ya wuce ƙofar gida hannu wofi. Ana tare shi da kyautar hanya, kuma ba a cewa a'a, don ba kai aka ba ba, wanda kuke tafe tare aka ba. Sai ka tsaya, ka haɗa tafukan hannu, ka sunkuyar da kai ka yi addu'ar godiya sau uku. Tokuji ya san wannan sarai. Amma lissafinsa ya nuna masa, irin gudun da zai yi, kafin tsofaffi su lalubo tabarau ya ɓace.

Ranar tsere gari ya waye tas, teku kwance kamar an goge ta. Masu keke sun jeru a bakin tasha cikin riguna masu launi, sai ga Tokuji ya ɓullo, fari fat, malfa ɗaure a kan hular kwano, fuska sumul kamar dafaffen ƙwai.

Mata masu sayar da kifi suka fara.

"Kai! Wa ya rasu?"

"Tokuji, ina girarka?"

"Na bar ta a gida, nauyi gare ta."

"Da ka bar bakin ma, da ka tashi sama!"

Rokuro ya gangaro da nasa keken, tsohon ƙarfe mai ƙara, ya zagaya bayan Tokuji. Da ya gane rigar mahaifinsa sai murmushinsa ya ɗan tsaya, kamar wanda ya ji an kira shi daga nesa. Ya miƙa hannu ya gyara mata wuya. Sannan ya ɗaga murya.

"Jama'a ku zo ku ga lissafi! Ya cire ƙararrawa don nauyi, ya goyo mutum guda a baya!"

"Yi dariyarka yanzu, suruki. In ka iso sama ka tambaya ina nake, za a nuna maka inda nake barci."

Aka hura usur.

Gaskiya ɗaya ce, a farkon tseren Tokuji ne a gaba. Duk mai hankali yana tattalin numfashinsa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, shi kuwa ya zuba ƙarfinsa kaf kamar ana bin sa da wuta. Malfar da aka ce za ta tsaga iska ta cika da iska tana jan wuyansa baya, in ya sunkuya kuma ta rufto masa a ido. Duk da haka ya waiwaya ya ga ba kowa, ya yi ihu shi kaɗai: "Ina suke?"

Sai hanya ta fara hawa. Rumbun ƙarfi ya fara nauyi. Kafin ya shiga ƙauyen farko, gudun da za a ɓace wa tsofaffi ya koma irin na kunkuru mai ciwon baya. A tsakiyar kwalta kuwa ga Iya Tome tsaye, 'yar tsohuwa mai lanƙwasasshen baya, hannuwanta cike da lemo.

"Mai ziyara! Tsaya, tsaya!"

"Iya, ni ne! Tokuji mai aski!"

"Idona ya daina ganin fuska, ɗana, amma yana ganin fari. Karɓi."

"Iya, tsere nake yi!"

"Duk mai rai tsere yake yi. Karɓi lemo."

Ba yadda ya iya. Ya sauka, ya haɗa hannu, ya sunkuya, malfa ta rufe masa duniya. Yana cikin addu'ar sai ya ji wata iska ta wuce ta bayansa, fuuu, wata ta bi ta, wata ta bi ta. Ya ce a ransa, iskar teku ta tashi da wuri yau. Da ya ɗago, hanya fayau, ba kowa gaba, ba kowa baya.

Sai matsalar inda za a sa lemo, ga riga ba aljihu. Ya ƙulle bakin rigar a ƙugu ya zuba su ciki, tumbi ya haifi 'ya'ya.

Matsue, matar ɗan Iya Tome, tana leƙe ta taga. Ita idonta garau. Ta toshe baki da hannu, ta ruga wurin waya. Ba a taɓa ƙera keken da ya kai waya gudu ba. Kafin Tokuji ya sha kwana biyu, duk gidan da ke bakin hanya ya ji cewa mai aski na tafe cikin farar riga.

A ƙauye na biyu tebur ya tarar, an gitta shi rabin hanya, mata sun jeru a bayansa fuska a ɗaure kamar masu zaman makoki.

"Sannu da hanya, mai ziyara. Zauna ka sha shayi."

"Haba Goggo! Kin san ni fa! Ni nake yi wa mijinki aski!"

Babbar cikinsu ta matso ta ƙare masa kallo. "Mai askin mijina na da gira. Kai ban san ka ba."

"Goggo, ki dubi girman..."

"Au, ƙi za ka yi? 'Yan'uwa, kun taɓa ganin mai farar riga ya ƙi kyauta?"

"Ko a zamanin kakanni ba mu ji ba," suka amsa baki ɗaya.

Ya zauna. Shayin kamar daga cikin wuta aka ɗebo shi. Ya hura, ya kurɓa, ya ƙone harshe, ya hura. Yana ajiye kofi aka sake cikawa.

"Na ƙoshi!"

"Wancan naka ne. Wannan na abokin tafiyarka."

Bayan shayi aka kawo dunƙulen shinkafa, aka kawo gasasshen dankali. Sannan wata ta fito daga gida rungume da kabewa wadda ta kai kan ɗan maraƙi.

"Wannan kuma me mai ziyara zai yi da ita?" in ji Tokuji.

"Oho. Mu dai namu bayarwa."

Suka naɗe ta a zane suka goya masa a baya, suka ɗaure tam a ƙirji kamar jariri. Ya haɗa hannu, ya sunkuya, kabewa ta ƙara danna shi ƙasa. A daidai lokacin nan Rokuro ya iso yana tuƙi a hankali. Ya dubi farin bayan da ke sunkuye, ya sa yatsa a leɓe, ya miƙa hannu ya ɗauki dunƙulen shinkafa ɗaya a kan tebur, ya wuce. Ko kacarsa mai ƙara ta rufa masa asiri a ranar.

Tokuji ya ɗago. "Akwai wanda ya wuce?"

"Mu idonmu na kanka, mai ziyara."

"Na sani. Suna can ƙasa suna haki." Ya hau keke da ƙyar, ya karkata hagu, ya karkata dama, ya tafi. Sai da ya sha kwana matan suka zube a kan tebur.

A gadar rafi Denpachi mai tarkon ƙaguwa yana zaune a kan dutse, kamar ba jiran kowa yake ba. Ya miƙe ya rusuna har ƙasa, ya miƙo jakar raga tana motsi.

"Kyautar hanya."

"Denpachi, ka ji tsoron sama! Wa ya taɓa ba mai ziyara abu mai rai?"

"Ni talaka ne, abin da nake da shi ke nan. In ka isa ka sake su, ladanka biyu."

"Zan tuna da kai ranar da ka zo aski."

"Ai na yanke shawarar tara gashi."

Aka rataye jakar a hannun keke. Duk bugun feda ɗaya sai ta lilo ta taɓa askakkiyar gwiwarsa, kuma ba kowane lilo ne ke komawa salin-alin ba. Mutanen da ke tsinkar lemo a gonaki suka riƙa jin wata irin addu'a na hawa dutse: "Wash! Kai! Sake ni, ɗan banza!"

Inda kwalta ta ƙare akwai gida ɗaya tilo, mai rufin da gansakuka ya cinye. Nan Baba Heisuke yake zaune shi kaɗai. Ba shi da waya, ba wanda ya gaya masa komai. Yana tsugune yana gyaran wake sai ya ga wani farin mutum na tura keke, gumi na zuba ba girar da za ta tare shi, lemo na zubowa daga rigarsa ɗaya-ɗaya yana bi yana tsincewa.

Tsohon ya kalle shi, bai yi dariya ba. Ya ce, "Dakata." Ya zaga bayan gida.

Tokuji ya ji ƙarar ƙarfe. Ya dubi hanya, ya dubi sama, ya taka ƙafa. Can sai ga tsohon da kwandon keke na waya, ya yi tsatsa a gefe ɗaya, da ɗan guntun igiyar ƙarfe.

Tokuji ya ja da baya kamar ya ga maciji. "A'a, Baba, wannan kam..."

"Na keken ɗana ne," in ji Baba Heisuke, yana goge ƙurar kwandon da hannun riga. "Kowane mako sai ya hau dutsen nan da shi, ya kai wa haikali kayan lambu. Yana saukowa tun daga can nake jin ƙararsa, kwaram-kwaram, in ɗora ruwan shayi. Tun da teku ta riƙe shi, kwandon bai sake ganin ƙololuwa ba. Ni ƙafa ta ƙi." Ya miƙo. "Kai shi ya sha iska."

Tokuji ya buɗe baki. A karon farko tun da aka san shi a Shiomizu, ba abin da ya fito. Ganyen wata bishiya ya faɗo tsakaninsu, ja kamar garwashi. Shi da kansa ya riƙe kwandon a gaban barewarsa, tsohon na murɗa igiyar ƙarfe. Suka zuba lemo a ciki, da dankali, da jakar ƙaguwa a sama. Sunkuyon da Tokuji ya yi a nan ya fi na ko'ina daɗewa, kuma ba wanda ya wuce ta bayansa, don ba sauran wanda zai wuce.

Ya shiga hanyar daji. Dogayen itatuwa suka rufe sama, haske na saukowa siri-siri, ba ka jin komai sai kwaram-kwaram ɗin kwando. Ya ɗan yi tafiya shiru. Amma shiru ba ya daɗewa a jikin Tokuji. Ya tsaya ya kasa kunne baya. Ko motsi.

"Tabɗi! Ashe haka na ba su rata?"

Ya ga sawun tayoyi rututu a cikin taɓo, ya duƙa ya duba da idon masani. "Na bara ne."

Wata tsohuwa mai ziyara ta gaske ta zo da sandarta ta wuce shi a ƙafa, ta ce, "Sannu, abokin tafiya." Ya ce a ransa, ba ta cikin tseren, ba ta ƙirguwa. Ya ci gaba da turawa, yana jera jawabin da zai yi in an miƙa masa tawul, da irin kallon da zai yi wa Rokuro, da gefen gadon da keke zai kwanta.

Daga ƙarshen hawan akwai 'yar gangara da ke sauka filin ƙofar haikali. Da ya kai bakinta ya hango tuta, ya hango taro. Ya gyara malfa, ya gyara goyon kabewa, ya haye sirdi. Jama'a na ganinsa suka miƙe da tafi da sowa, don tun ɗazu shi suke jira, har tutar da aka riga aka sauke an sake ɗaga ta dominsa.

"Ga shi nan! Ga shi nan!"

Zuciyar Tokuji ta cika. Ya tuna yadda zakarun tsere ke yi in sun zo layi. Ya saki hannun keke, ya ɗaga hannuwa biyu sama.

Kwando ya ce hagu. Kabewa ta ce dama. Ƙarfen sirdi, wanda aka yi wa huda kamar sarewa, ya ce ƙas!

Keke ya tafi nasa wuri. Tokuji ya tafi nasa, ya nutse da ka cikin tulin busasshen ganyen da malamin haikali ya share da safe, ƙafafu biyu sumul suna harbin iska. Goyo ya kwance, kabewa ta gangara ta bi matakalar dutse, dum, dum, dum, har aka daina jinta. Lemo ya watsu filin kamar an fasa taurari. Jakar raga ta buɗe, ƙaguwa suka sami 'yancin da aka yi musu alkawari, suka bazu cikin masu zaune a tabarmi suna cin taliya. Mata suka haye benci. Malamin haikali, dattijo mai natsuwa, ya tattare rigarsa har gwiwa ya yi wani tsalle da ba a san yana da shi ba.

Tulin ganye ya motsa. Kai ya ɓullo, malfa ta koma wuya kamar faifai.

"Na farko?"

"Na farko a cikin masu kabewa," in ji wata murya.

Rokuro ne, zaune a inuwa. Ya wanke jiki, ya sake riga, kwanon taliyarsa wayam, yana sakace.

"Kai! Ta ina ka bi? Mota ka hau! Jama'a, mota ya hau! Ba mahaluƙin da ya wuce ni a hanyar nan!"

"Kowa ya wuce ka, suruki. Har mai shagon magani da ke tsayawa shan ƙwaya ya wuce ka. Kanka na ƙasa ne."

"Iskar nan da na ji..."

"Mu ne iskar."

"To wannan ba tsere ba ne, makirci ne! A auna kayan da na ɗauko! A raba da nisa! In aka yi lissafi na gaskiya..."

"Ladabi ne ya kayar da kai," in ji malamin haikali, yana cire ƙaguwa daga takalminsa. "Ba faɗuwar kunya ba ce. Amma faɗuwa ce."

Fili ya ɗauki dariya. Cikin dariyar Fusae ta ratso, don tun da safe ta hau motar masu shirya tsere ta zagayo ta hanyar baya. Ta tsaya kan mijinta, ta duba shi sama da ƙasa, ta ga ba abin da ya karye sai sirdi. Ta cire masa ganye ɗaya a ka. Sannan ta je ta ta da keken, ta girgiza kwandon ta ji ya ɗauru.

"Har ka ɗaura min. Ka kyauta, maigida."

"Ba naki ba ne," in ji Tokuji, murya ƙasa-ƙasa. "Na ɗan Baba Heisuke ne."

"Na gane shi. Zan biya in gaya masa ya iso har ƙofa."

"Fusae, tsaya mu yi magana. Keken nan ba ya son mace. Ba ya son kowa ma. Ga shi ba sirdi, ga hanya duk saiwa. Ki bari in tura miki shi gida, gobe mu zauna mu sake duba yarjejeniyar..."

"Shaidu na nan?" ta tambayi taro.

"Muna nan!"

Ta naɗe ƙafar wandonta, ta zare hular kwano daga kan mijinta ta kifa a nata. Ta tura keken zuwa bakin hanyar daji, ta taka feda ta miƙe tsaye a kai. Ta shiga gangara. Aka ga ta kauce wa dutse, ta tsallake saiwa taya biyu a sama, ta kwanta a kwana har gwiwarta na shafar ciyawa. Kwaram-kwaram ɗin kwando ya yi ta nisa cikin itatuwa, da sauri, da sauri, har ya ɓace.

Saurayin da ya ci tseren ya tsaya da tawul a hannu, baki buɗe. Shugaban masu shirya tsere ya cire tabarau ya goge.

"Wace ce wannan? Me ya sa ba ta taɓa shiga ba?"

Rokuro ya ajiye tsinken sakace. "Ai tun tana yarinya ita ke kawo wa haikalin nan awarar Babanmu, kullum ta sauka kafin..."

"Rufe mana baki, suruki!" Tokuji ya miƙe daga cikin ganye, ƙaguwa ɗaya na lilo a gefen rigarsa. Ya turo tumbi gaba, ya nuna hanyar da matarsa ta bi, ya dubi taro ɗaya bayan ɗaya.

"Matata ce. Ni na koya mata. Ku dai ku tanadi ƙafafunku, baɗi za ku ga abin da zan sa ta yi muku."